Sawun Zaɓe a Jinin Shanun Nama: Tambayoyi da Amsoshi

Duk makiyayin da ya taɓa ware bijimi ɗaya don barbara ya dandaƙe sauran, ya bar wata alama a jinin garkensa, ko ya sani ko bai sani ba. A yau masana kimiyyar gado suna iya karanta irin wannan alama daga 'yan silin gashin wutsiya. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da aka gano a jinin shanun da aka daɗe ana zaɓa saboda nama, irin su Angus da Hereford da Belgian Blue da Wagyu, da kuma inda labarin ya taɓa namu shanun.

Me ake nufi da cewa zaɓe yana barin sawu a jini?

Abin da ake kira jini a nan shi ne DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikin saniya. Tsawonsa ya kai haruffa kusan biliyan 2.7, an rarraba su cikin ƙunshi 30 da ake kira kuromozom. Kowane maraƙi yana karɓar 30 daga uba, 30 daga uwa.

To, a ce wani bijimi yana ɗauke da canji guda da ke sa tsoka ta cika. Masu kiwo suka lura da 'ya'yansa, suka riƙa kai masa shanu, suka riƙa barin jikokinsa maza. Canjin zai bazu. Amma gado ba ya tafiya harafi-harafi, guntu-guntu yake tafiya, don haka duk haruffan da ke maƙwabtaka da wancan canji za su bazu tare da shi alhali ba wanda ya zaɓe su. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Bayan 'yan zuriya sai a tarar kusan duk shanun wannan iri suna da guntu iri ɗaya sak a daidai wurin, ga shi kuwa a sauran sassan jininsu akwai bambanci mai yawa tsakanin saniya da saniya. Wannan wurin da bambanci ya ɓace shi ne sawun.

Tsawonsa ma yana da labari. A kowace haihuwa guntayen gado suna kakkaryewa su sake haɗuwa, saboda haka sawun da ya daɗe yana gajarcewa. Dogon sawu na nuna zaɓen kwanan nan ne, gajere kuwa na da can.

Yaya masu bincike suke gano shi?

Hanyoyi uku aka fi bi. Ana kwatanta iri biyu, a ga wuraren da suka yi hannun riga fiye da yadda ya kamata. Ana duba cikin iri ɗaya, a nemi dogayen guntaye da suka yi yawa fiye da kima. Ana kuma duba dabba ɗaya, a auna wuraren da abin da ta gada daga uwa da wanda ta gada daga uba suka zo iri ɗaya, alamar cewa iyayenta sun haɗa kaka.

Aikin ya yi sauƙi ne daga 2009, lokacin da aka wallafa cikakken rubutun gadon saniya. Wata saniyar Hereford ce daga jihar Montana ta Amurka, mai suna L1 Dominette 01449, aka karanta, aka samu ƙwayoyin gado, wato sassan rubutun da kowanne ke da nasa aiki a jiki, kusan 22,000. A daidai lokacin kamfanin Illumina ya fito da wani ɗan faranti da ke duba wurare kusan 54,000 a jinin saniya lokaci guda, daga baya aka yi mai duba 777,000. Daga 2012 kuma aka fara wani aikin haɗin gwiwa na ƙasashe da yawa don karanta jinin manyan bijimai 1,000 gaba ɗaya, wanda tuni ya wuce wannan adadi nesa.

Tun yaushe aka fara zaɓen da ake magana a kai?

Zaɓe ya tsufa kamar kiwon kansa. Shanu marasa tozo an fara kiwonsu kimanin shekara 10,500 da suka wuce a yankin da ke tsakanin kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Siriya. Masu tozo kuwa a kwarin kogin Indus, wajen shekara 8,000 baya. Duka sun fito daga wani ƙaton san daji wanda na ƙarshensa ya mutu a wani daji na ƙasar Polan a 1627.

Amma zaɓe mai tsanani, na rubuta asali da rufe ƙofa, ya fara ne kimanin shekara 250 da suka wuce. Robert Bakewell, wani manomi a Dishley ta Ingila da ya rayu daga 1725 zuwa 1795, shi ya yi suna wajen haɗa uba da 'ya, da uwa da ɗa, don siffar da yake so ta zauna daram. 'Yan'uwan nan biyu, Charles da Robert Colling, suka ɗauki dabarar suka yi wa shanun Shorthorn, har aka sayar da bijiminsu Comet kan gini 1,000, wato kuɗin zinariya na Ingila a lokacin, a 1810. Littafin asalin shanu na farko ya fito a 1822, na Shorthorn. Na Hereford ya biyo baya a 1846, na Angus a 1862. Da zarar an ce saniya ba ta shiga littafi sai iyayenta suna ciki, an rufe ƙofa ke nan, jinin waje ya daina shigowa. Shekara 200 a wurin shanu zuriya 40 ce ko ƙasa da haka. A cikin wannan ɗan lokaci aka yi yawancin canje-canjen da ido ke gani yau.

Wane sawu ne ya fi fitowa fili?

Na tsoka, kuma ba inda ya kai shanun Belgian Blue na ƙasar Beljiyam. Wanda ya ga hoton bijimin zai ɗauka allura aka yi masa: cinya ta kumbura gida-gida, kafaɗa ta yi tudu, har ana ganin rabuwar kowace tsoka ta cikin fata, domin fatar siririya ce kuma kitse kaɗan ne a ƙarƙashinta. Ba allura ba ce, gado ne.

A jikin kowace dabba akwai wani sinadari da ake kira mayostatin, aikinsa ya taka wa tsoka birki kada ta wuce kima. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins suka gano shi a jikin ɓeraye a 1997. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Liyej ta Beljiyam ƙarƙashin Michel Georges suka nuna cewa a shanun Belgian Blue haruffa 11 ne kacal suka ɓace daga ƙwayar gadon da ke yin wannan sinadari, a kuromozom na 2. Haruffa 11 cikin biliyan 2.7. Saniyar da ta gaji wannan giɓi daga uwa da uba ba ta da birki, tsokarta takan ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100.

An san da irin waɗannan shanu tun farkon ƙarni na 19, amma masu kiwo suna gudunsu saboda wahalar haihuwa. Har zuwa shekarun 1950 shanun Beljiyam na nono da nama ne a haɗe. Abubuwa uku suka juya lamarin: mahauta suka fara biyan kuɗi mai tsoka kan nama marar kitse, ɗura wa saniya maniyyin bijimi da hannu ya yaɗu har bijimi ɗaya ya iya haifar dubbai, sannan tiyatar fitar da maraƙi ta zama aikin yau da kullum ga likitocin dabbobi. Cikin kusan shekara 20 canjin ya game irin kusan gaba ɗaya, ya bar dogon sawu a kuromozom na 2.

Abin da ya ƙara burge masana shi ne wasu ƙasashen ma sun faɗa kan ƙwayar gado ɗaya ba tare da sun sani ba. A shanun Piedmontese na Italiya harafi ɗaya ne ya canza. A Charolais na Faransa akwai wani canjin daban. Limousin, su ma na Faransa, nasu mai sauƙi ne da ake kira F94L, yana ƙara tsoka ba tare da jawo wahalar haihuwa sosai ba. Masu kiwo a wurare daban-daban, kowa na bin idonsa da farashin kasuwa, sun ƙare a kan ƙwayar gado guda.

Shin wannan ƙarin nama kyauta ya zo?

A'a. Mafi yawan maruƙan Belgian Blue na asali da tiyata ake fitar da su, domin maraƙin ya yi faɗi, ƙugun uwar kuma bai buɗe daidai da shi ba. Saniya takan sha wuƙa a ciki bayan ciki. Zuciya da huhun waɗannan shanu ƙanana ne idan aka kwatanta da nauyin jikinsu, ba su jure zafi da wahala, wasu maruƙan kuma ana haifarsu da ƙaton harshe da ke hana su kama nono. A ganina irin da ba zai iya haihuwa ba sai da likita a tsaye, an wuce gona da iri a kansa, komai yawan naman da yake bayarwa.

Akwai wani misali daga Belgian Blue ɗin dai, wanda ya fi nuna yadda ido ke yaudarar mai zaɓe. An samu ɓarkewar wata cuta da ke sa a haifi maraƙi da karkatacciyar wutsiya, da gajeren kai, da ƙashin baya a lanƙwashe. Binciken da aka wallafa a 2009 ya danganta ta da ƙwayar gado mai suna MRC2, ya kuma nuna kusan kashi 25 cikin 100 na shanun suna ɗauke da kwafi ɗaya na canjin, wato daga uwa ko uba kaɗai. Me ya sa cuta za ta yi yawa haka? Domin saniyar da ke da kwafi ɗaya lafiyarta ƙalau, kuma ta ɗan fi 'yan'uwanta tsoka. Su masu kiwo suka riƙa zaɓa, su alƙalan gasa suka riƙa ba wa kyauta. Sai an haɗa masu ɗauke da shi guda biyu sannan ɗaya cikin maruƙa 4 ya fito da cutar.

Me ya sa Angus baƙaƙe ne kuma ba su da ƙaho?

Abubuwa biyu ne daban. Baƙin launi yana fitowa daga ƙwayar gado MC1R a kuromozom na 18, kuma yana danne ja: kwafi ɗaya ya isa saniya ta zama baƙa. Shi ya sa baƙin bijimi da baƙar saniya za su iya haifar jan maraƙi idan dukansu suna ɓoye da ja. Ƙungiyar masu Angus ta Amurka ta daina yi wa jajayen rajista a 1917, daga baya masu son su suka kafa tasu ƙungiyar a 1954.

Rashin ƙaho yana kusa da farkon kuromozom na 1, shi ma kwafi ɗaya ya isa. Hugh Watson na Keillor a Sikotilan, wanda ake ɗauka uban wannan iri, baƙaƙe marasa ƙaho ya riƙa warewa tun farkon ƙarni na 19. Masu kiwon turke a Turai da Amurka suna son marar ƙaho domin shanu ba sa sukar juna a garke ko a mota, nama ba ya ƙujewa, ba a kuma buƙatar ƙona tushen ƙahon maraƙi.

Kasuwa ma ta sa hannu. A 1978 aka kafa tambarin nama na Certified Angus Beef a Amurka, wanda sharaɗinsa na farko shi ne fatar dabbar ta kasance baƙa akasari. Da baƙar fata ta fara kawo ƙarin kuɗi, masu kiwon Simmental da Limousin da Gelbvieh, waɗanda a Turai jajaye ne ko masu ruwan zuma, suka shigar da jinin Angus har nasu suka koma baƙaƙe. Yau idan aka karanta jinin baƙin Simmental na Amurka, ana ganin guntun Angus zaune a kuromozom na 18.

Farar fuskar Hereford tana da alaƙa da yankin KIT a kuromozom na 6, farin jikin Charolais kuma da PMEL a na 5. Launi da ƙaho su ne sawun da ya fi sauƙin gani, saboda ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da kowanne, kuma ko yaro zai iya zaɓa da ido.

Girman jiki fa, shi ma ƙwayar gado ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce. Wani babban bincike na 2018 a kan shanu fiye da 58,000 ya samu wurare 163 da ke taɓa tsawon saniya. Biyu sun fi ƙarfi: PLAG1 a kuromozom na 14, da yankin NCAPG da LCORL a na 6. Sauran kowanne ɗan kaɗan yake ƙarawa.

Wannan ne dalilin da ya sa halayen da suka fi kawo kuɗi, kamar saurin girma da cin abinci kaɗan a yi ƙiba, ba su barin sawu mai kaifi. Zaɓen ya bazu a kan ɗaruruwan wurare, kowanne ya ɗan gusa. Ga shi kuma ra'ayin masu kiwo yana juyawa. A shekarun 1940 da 1950 gajerun shanu dunƙulallu, waɗanda bayansu bai wuce ɗamarar mutum ba, su ke cin gasa a Amurka. A shekarun 1970 da 1980 aka koma neman dogaye ƙatta. Zaɓen da ya tafi gabas ya dawo yamma yakan goge rabin sawunsa.

Mene ne sirrin naman Wagyu na Japan?

Kitsen da ke ratsa cikin tsoka kamar zare. Shanun Japan na noma ne da dako tsawon ƙarnuka, cin namansu bai zama ruwan dare ba sai bayan 1872. Da Japan ta buɗe kasuwarta ga naman waje a 1991, masu kiwo suka ga ba za su iya gasar araha da Amurka da Ostireliya ba, sai suka dage kan inganci, suka tattara zaɓe a kan ratsin kitse. Shi ma wannan hali ƙwayoyin gado da yawa ke riƙe da shi. Ɗaya da aka sani sosai ita ce SCD, wadda ke sa kitsen ya yi laushi ya narke da wuri.

Farashin da aka biya shi ne ƙuncin jini. Wani bijimi mai suna Tajiri, da aka haifa a 1939 a lardin Hyogo, yana cikin asalin kusan dukkan baƙaƙen shanun Japan na yau. Masana suna da wani ma'auni da ke nuna, idan aka duba yawan bambancin jini, garke yana daidai da dabbobi nawa masu haihuwa. A tsakiyar shekarun 1990 wannan adadi ya sauko zuwa kusan 17 ga baƙaƙen shanun Japan, alhali shanun kansu dubban ɗaruruwa ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar kada ya gaza 50.

Bijimi ɗaya zai iya yaɗa cuta a iri gaba ɗaya?

Ya sha faruwa. A shekarun 1950 masu Hereford a Amurka suka shiga tashin hankali saboda haihuwar maruƙa wadanni, masu kumburin ciki da numfashi da gurnani. Neman gajerun shanu ne ya yaɗa abin, kuma da aka bi asali sai aka kai ga wani bijimi da aka haifa a 1899, St. Louis Lad. Ba gwajin jini a lokacin, saboda haka garke-garke aka riƙa kaiwa mahauta bisa zato kawai, mutane da yawa suka yi asarar aikin rayuwarsu.

A 2008 aka sake ganin irinsa a Angus. Maruƙa suka riƙa zuwa a mace, ƙashin baya a murɗe, ƙafafu a sanƙare. Aka bi sawu zuwa wani shahararren bijimi, GAR Precision 1680, da aka haifa a 1990, wanda aka yi ta sayen maniyyinsa saboda kyawun naman 'ya'yansa. Shi ma gadar abin ya yi ta wajen uwarsa. Bambancin wannan karo shi ne cikin 'yan watanni Jonathan Beever na Jami'ar Ilinoi ya gano guntun da ya ɓace, aka fito da gwaji. Ba a yanka zuriyar gaba ɗaya ba, an ware masu ɗauke da shi ne kawai aka daina haɗa su da juna. Nan ne amfanin wannan ilimi ya fi bayyana ga talakan makiyayi.

Shanu masu tozo ma suna da irin wannan sawu?

Suna da shi, sai dai nasu ya fi karkata ga jure wahala. Brahman na Amurka, da aka kafa wa ƙungiya a 1924, an haɗa shi ne daga shanun Indiya irin su Gir da Guzerat da Nelore. Nelore kuwa, wanda asalinsa shanun Ongole ne, shi ne mafi yawan shanun nama a Barazil. A jininsu ana samun alamun zaɓe a wuraren da suka shafi jure zafi, da garkuwar jiki, da tsayayya da kaska.

Brahman yana ɗauke da ɗan jinin shanun Turai, kusan kashi 10 cikin 100, daga shanun da aka fara yi wa barbara da bijiman Indiya. Wani guntu na wannan jini bai narke ba, ƙaruwa ma ya yi: nau'in PLAG1 mai ƙara girma. An zaɓe shi saboda nauyi, daga baya bincike a Ostireliya ya nuna karsanar da ke ɗauke da shi tana jinkirin balaga.

Akwai kuma batun taurin nama. Bayan yanka, wani sinadari mai suna kalfen yana sassauta zaren tsoka, wani kuma, kalfastatin, yana hana shi aiki. Shanu masu tozo sun fi yawan na biyun, shi ya sa namansu ya fi tauri. Ga Bature mai gasa yanka mai kauri na 'yan mintoci wannan aibi ne. Ga mai kilishi ko mai dafa nama a miya har ya yi laushi, ba wani abin damuwa ba ne.

Shin jini ya taɓa ƙaryata tarihin da ake bayarwa na wani iri?

Ya taɓa. Shanun Senepol na tsibirin Sen Kuruwa a yankin Karebiyan, an daɗe ana cewa haɗin N'Dama na Senegal ne da Red Poll na Ingila, kuma daga N'Dama suka gaji jure zafi. Da aka karanta jininsu a 2012 sai aka tarar kusan kashi 89 cikin 100 na shanun Turai ne, kusan 10 na masu tozo, na N'Dama bai kai 1 ba. Jure zafin nasu ya fito ne daga wani canji a ƙwayar gado PRLR a kuromozom na 20, wanda ke sa gashi ya zama gajere sumul. Yanzu ana shigar da wannan canji cikin wasu irin don ƙasashe masu zafi.

Ina shanunmu suka tsaya a wannan labari?

Bunaji da Rahaji da Bokolo na Sakkwato da Azawak na Nijar duk masu tozo ne, amma jininsu gauraye ne. Shanun farko na Afirka ba su da tozo. Ragowarsu su ne N'Dama na yankin Gini, da Muturu na kudancin Najeriya, da Kuri masu kumburarren ƙaho na tafkin Chadi. Masu tozo daga baya suka shigo ta gabashin Afirka. Wani bincike na 2020 a kan shanu 172 daga iri 16 ya nuna babbar cakuɗuwar ta faru ne tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce. Abin mamaki, gadon da ke bin layin uwa kaɗai a shanun Afirka, har da masu tozo, na marasa tozo ne. Ma'ana bijimai aka riƙa shigowa da su ana haɗawa da shanun gida. Annobar cutar shanu ta bushiya da ta shigo nahiyar a 1887, ta kai ƙasar Hausa wajen 1890 ta kusa share garkunan Fulani, ita ma ta sake tankaɗe jinin da ya rage.

Sawun da ake samu a shanun Afirka na rayuwa ne: jure zafi, jure ƙishi, garkuwa daga cuta. N'Dama yana rayuwa a inda ƙudan tsando yake, ya kamu da sammore amma jininsa bai ƙare ba kamar na sauran. Da masu bincike a cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi suka haɗa N'Dama da Boran na Kenya don neman dalili, sai suka tarar halin ya bazu a kuromozom da yawa, wasu guntayen masu amfani ma daga Boran suka fito.

Kada kuma a ɗauka Fulani ba su zaɓe don ba su da littafin asali. Bororon Nijar sun san zuriyar kowace saniya ta wajen uwa har kakanni da yawa, suna zaɓen bijimin barbara da tsanani, har aro suke yi daga garken wani don kauce wa haɗa dangi. Abin da suke nema daban ne: saniyar da za ta yi doguwar tafiya, ta san ciyawar da za ta ci, ta bi mai ita, ta ba da nono a tsakiyar rani. Wannan ilimi ne na gaske, kuma abin takaici ne yadda aka yi wa jinin Angus da Hereford bincike dubbai alhali na Rahaji da Bokolo 'yan kaɗan ne.

To ya kamata mu shigo da jinin shanun Turai don samun nama?

Ya danganta da inda maraƙin zai rayu. Haɗin farko tsakanin bijimin waje da saniyar gida yakan ba da maraƙi mai saurin girma, domin iri biyu masu nisa idan suka haɗu ɗan yakan fi matsakaicin iyayensa ƙarfi. A gonar da ke da dusa da harawa da ruwa da inuwa da likita, wannan riba ce. Amma sawun shanun Turai da aka lissafa a sama an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi da wadatar abinci. Baƙar fatar Angus tana shan rana. Ƙaton maraƙin Charolais ko Belgian Blue a cikin ƙaramar karsanar Bunaji, a rugar da ke nesa da likita, zai iya kashe uwa da ɗa. Kuma idan aka ci gaba da ƙara jinin waje zuriya bayan zuriya, juriyar kaska da zafi da yunwar bazara ita ke fara tafiya.

Hanya ta biyu ita ce zaɓe a cikin irin gida, a auna nauyi, a rubuta, a bar mafi kyau. Tashar Tukunus a Nijar ta daɗe tana wannan aiki a kan Azawak, cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ita ma tana aiki a kan Bunaji da sauransu. Hanyar tana da jinkiri, amma abin da aka samu yana zama.

Makiyayin da ba shi da kuɗin gwajin jini, me zai iya yi?

Ya hana bijimi hawa 'ya'yansa mata: ya sauya shi bayan shekara 3 ko 4, ya samo wani daga garken da ba dangi ba. Kafin ya sayi bijimi a kara ko a ruga, ya tambayi uwarsa, sau nawa ta haihu, ko tana haihuwa da kanta, ko 'ya'yanta suna rayuwa. Idan aka haifi maraƙi da nakasa, ya rubuta uban da uwar ko ya riƙe a ka, kada ya sake haɗa su, idan kuma abin ya maimaitu da wata saniyar ya fitar da bijimin daga barbara. Wanda zai sayi maniyyin bijimin waje ya nemi takardar da ke nuna an gwada shi kan cututtukan gado na irinsa, ya kuma tambayi nauyin maruƙansa a ranar haihuwa kafin a ɗura wa karsana mai cikin fari.